Ƙafar Roba da Ruwa: Yadda Ake Zaɓar Tafin da Ya Dace da Rayuwar Mai Shi

Duk wanda ya rasa ƙafa a Katsina, ko ta haɗarin babur ne, ko ciwon suga, ko ɗorin da aka matse har jini ya daina gudu, ko harbin 'yan bindiga, idan ya zo karɓar ƙafar roba tambayarsa ta farko ta kuɗi ce. Ta biyu kuma ita ce ko zai iya shiga ruwa da ita. Amsar da ake yawan ba shi a gurguje, "ai roba ce, ba abin da zai same ta," tana cikin abubuwan da ke kashe ƙafa tun ba ta yi nisa ba. A cikin ƙafa guda akan sami katako, da soso, da ƙarfe iri biyu ko uku, wani lokaci har da fata, kuma kowannensu da yadda yake yi in ya haɗu da ruwa.

Ƙafar da aka yi wa mai yanki ƙasa da gwiwa tana da soket, wato kwanson da dungu ke shiga, da abin da ke riƙe soket ɗin a jiki, kamar maɗauri ko makulli. Daga nan sai bututun ƙarfe mai kaurin milimita 30 da ke tsayawa a madadin ƙwauri, da mahaɗi a samansa da wani a ƙasansa, kowanne da sukurori huɗu da ake saita tsayuwar ƙafar da su. A ƙarshe sai tafin, wanda shi ma kashi biyu ne: ƙashin ciki mai ɗaukar nauyi, da rufin waje mai siffar ƙafar mutum. Idan kamfani ya rubuta cewa tafinsa ba ya jin ruwa, maganar tafin kawai yake yi. Bai ɗauki alhakin sukurori ko bututu ko makullin da wani ya haɗa a kansa ba. Ƙafa tana jure ruwa ne gwargwadon juriyar mafi raunin sassanta.

Wane ruwa?

Kafin a duba kowane tafi, wannan ce tambayar da za a fara warwarewa, domin ruwan da mutane ke hulɗa da shi a nan ba iri ɗaya ba ne.

Akwai na fantsama: alwala sau biyar a rana, tsarki da buta, wanke-wanke, ruwan sama a kan hanyar kasuwa. Kusan kowane mai ƙafar roba a ƙasar Hausa yana cikin wannan rukuni ko ya sani ko bai sani ba, saboda haka ko dattijon da ba ya fita ko'ina bai kamata a ba shi tafin da ruwa ke lalatawa da wuri ba. Game da alwalar kanta, malamai sun bayyana cewa in an yanke ƙafa sama da idon sawu, wankinta ya faɗi, ba a wajabta wanke ta roba ba. Amma ruwan da ake zuba wa lafiyayyar ƙafar ba ya tsallake maƙwabciyarta.

Akwai kuma tsayuwa cikin ruwa, irin ta mai wankin mota, da mai wanki da guga, da mahauci a mayanka, da ɗan garuwa a bakin tuƙa-tuƙa. Ruwan waɗannan yana tafe da omo, ko bilic, ko jini da kitse.

Mafi wuya shi ne ruwan laka da yashi, na mai noman rani a bakin dam ɗin Jibiya, ko Ajiwa, ko Zobe, ko Sabke da Daberam a ƙasar Daura, da na masunci, da na manomin shinkafa a fadama cikin watan Agusta. A nan ba ruwan ne babban mai ɓarna ba, abin da ya ɗebo ne. Ruwa yana shigar da yashi cikin rufin tafi, ya tsane ya bar shi a ciki, kowane taku kuma yashin yana cin ƙashin. In aka haɗa da takin zamani, wanda gishiri ne a wajen ƙarfe, tsatsa ba ta jira.

Sai zufa, wadda ake mantawa da ita. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, zufa tana taruwa a gindin soket, ta bi ramin makulli ta sauka kan mahaɗin sama. Ana samun sukurori sun ci tsatsa a ƙafar da ba ta taɓa shiga ruwa ba.

Tafukan da ake samu

Wanda ya fi yawa shi ne SACH, da aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950. Ba shi da gaɓar da ke motsi. Dunduniyarsa ce mai taushi, tana lotsawa in an taka. Rashin gaɓa alheri ne a cikin ruwa, tunda babu abin da zai cije. Matsalarsa biyu ce. Na asali ƙashinsa katako ne, kuma ruwa yana samun hanya ta saman tafin, inda notin milimita 10 ke shiga. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, notin ya saki, sai mai ƙafar ya ji tafin yana ɗan juyawa gefe in ya taka. In aka ƙyale, ramin notin ya ruɓe, ɗaurewa ba ta ƙara amfani. Ta biyu ita ce robar da ke lulluɓe da shi, wadda galibi foliyuretan ce. Danshi da zafi suna warware wannan roba daga ciki, kamar yadda ƙasan takalmin da aka adana don salla yake marmashewa ranar da aka ɗauko shi. Shi ya sa tafin da ya daɗe a sito yakan tsage da wuri ko da sabo ne fil a ido. Mai saye ya nemi ganin shekarar da aka ƙera shi.

Akwai SACH mai ƙashin roba mai tauri maimakon katako. Irinsa ne ke cikin tsarin ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, wadda ta tallafa wa sashen haɗa gaɓoɓi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da kuma cibiyar da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A wannan tsari soket da mafi yawan sassa na folifurofilin ne, robar da ba ta tsatsa kuma ba ta shan ruwa. Saura noti da rufin tafin, su ne ake sa wa ido. Ga mai alwala da mai bin ruwan sama, wannan ya wadatar ƙwarai.

Tafin Jaipur kuwa, wanda Ram Chandra Sharma da likita P. K. Sethi suka ƙirƙira a Indiya a 1968, an yi shi ne musamman don mutanen da ke tafiya ba takalmi, suna tsuguno, suna zama a ƙasa, suna aiki a jiƙaƙƙiyar gona. Fatarsa dafaffiyar roba ce ta dangin tayar mota, kuma yana lanƙwasa a idon sawu fiye da SACH nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen da ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta duniya, ISPO, ta yi a ƙasashe masu zafi sun nuna cewa tafukan dafaffiyar roba sun fi da yawa daga na foliyuretan daɗewa. Sai dai yana da nauyi, ingancinsa ya danganta da hannun da ya yi shi, kuma akwai katako a wajen idon sawunsa. Muddin fatar ba ta tsage ba, ruwa ba ya kaiwa can. Da zarar ƙaya ko kwalba ta huda ta, lissafi ya canza.

Sai masu tsada, na zaren kabon da na zaren gilashi, waɗanda ke lanƙwasa su dawo su tura mai tafiya gaba. Van Phillips ne ya fito da na kabon a shekarun 1980. Shi kabon ruwa ba ya yi masa komai. Abin da ke cutar da shi yashi ne. Tafin yana zama cikin wata safa ta musamman, safar kuma cikin rufi, kuma rufin buɗe yake ta sama. Yashi ya shiga, ya huda safar, ya fara kankare kabon ɗin. Alamar farko ƙara ce, ƙiiƙii a kowane taku. Ta gaba ita ce zaren ya fara ɓarewa falle-falle, kuma wannan ba ya gyaruwa. Tafukan zaren gilashi, irin su RUSH, sun fi kabon haƙuri da duka da lanƙwasa, amma su ma sai an riƙa fitar da su daga rufi ana wankewa. Manomin da ba zai iya yin haka duk ranar da ya shiga fadama ba, an yi masa asarar kuɗi in aka saya masa irin wannan.

Akwai tafukan da aka yi don ruwa kaɗai, kamar na tsarin Aqualine na kamfanin Ottobock: ƙasansu mai zane ne don hana santsi, dunduniyarsu shafe take don tafiya ba takalmi, kuma an rufe samansu. Suna da kyau a banɗaki da bakin ruwa, amma ba su da daɗin doguwar tafiya. Ƙafa ta biyu ce, ba ta yau da kullum ba.

Masu batir da kwamfuta ba su da yawa a wannan yanki, magana ɗaya ta ishe su: a duba lambar IP, wato lambobi biyu da ke nuna yadda kaya ke jure ƙura da ruwa. Lamba ta farko ta ƙura ce, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga, abin da ke da muhimmanci a hunturu. Ta biyu ta ruwa ce: 4 fantsama kawai, 7 nutsewa zurfin mita ɗaya na minti 30, 8 abin da ya fi haka bisa sharaɗin kamfani. Kuma da ruwa mai tsabta ake wannan gwaji, ba da na fadama ba.

Tsawon dunduniya

Wannan shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa, kuma ya fi shafar mu fiye da mutanen da aka ƙera yawancin tafukan dominsu. Bature yana sa takalmi da safe ya cire da dare. Bahaushe yana tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, da ƙofar ɗaki, da gaban manya, ya sa silifas in zai kewaya, ya sa sau-ciki in zai tafi ofis.

Yawancin tafuka an yi su ne a kan takalmi mai dunduniyar milimita 10, kuma a kan takalmin da majinyaci ya zo da shi ake saita ƙafar. In ya tuɓe takalmin, dunduniyar ta sauka, bututun ya karkata baya, saman soket ya ja baya da santimita biyu ko fiye. Sai ya ji ana tura gwiwarsa baya, tafiya ta koma tamkar hawan tudu. A busasshen ɗaki wahala ce kawai. A jiƙaƙƙen siminti ko tayil ɗin wurin alwala, faɗuwa ce. In kuma aka saita ta ba takalmi ya sa mai tudun dunduniya, gwiwar gaba za ta riƙa zubewa, wanda ya fi haɗari.

Mafita ita ce a zaɓi tafi mai gajeriyar dunduniya, daga sifiri zuwa milimita 10, majinyaci ya zo wurin saiti da duk takalman da yake sawa, a daidaita su da ɗan ciko a ciki har tsawonsu ya zo ɗaya. Mai son silifas kuma ya faɗa tun kafin a yi oda, domin ba kowane rufi ne ke da tsaga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi ba. Silifas ɗin ma ya kasance mai maɗauri ta baya, tunda yatsun roba ba sa damƙe takalmi. Kuma rufin tafi in ya jiƙe da sabulu santsi gare shi ƙwarai. In ba mai zanen ƙasa ba ne, kada a taka banɗaki da shi tsirara.

Tsuguno ma yana nan. SACH ba ya lanƙwasa a idon sawu, don haka mai shi in ya tsuguna a masai, dunduniyar ce za ta ɗaga, nauyi ya koma kan yatsu, kuma a daidai nan tafin ke tsagewa, ta inda ƙashin ciki ya ƙare. Haka sujada take matsa wurin. In aka ga tsaga a gindin yatsu, to ƙofar ruwa ta buɗe. Ga mai yawan tsuguno, ko a nemi tafi mai lanƙwasa, ko a samar masa kujerar makewayi, a kuma rage bayan soket ɗin yadda gwiwa za ta naɗe ba tare da ya cije shi ba.

Nauyi, har da na kaya

Kowane tafi yana da iyakar nauyin da aka gwada shi a kai. A ma'aunin ƙasa da ƙasa na gwada ƙarfin ƙafar roba, ISO 10328, matakin P3 na mai kilo 60 ne, P4 na 80, P5 na 100, P6 na 125. Masu kabon kuma suna da matakan tauri bisa nauyi da yawan zirga-zirga. Kuskuren da ake yi shi ne a auna mutum a sikeli a tsaya nan. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Ɗan garuwa mai kilo 65 da ke ɗaga jarka biyu ya kai kilo 115 a wannan lokaci, kuma yana yin haka sau da yawa a wuni. Haka matar da ke ɗauko ruwa a ka da goyo a baya. Irin waɗannan a hau da su mataki na gaba. Amma kada a wuce gona da iri: tafin da ya fi ƙarfin mai shi ba ya lotsawa, sai dungun ya riƙa shan dukan.

Tsawon dungu ma yana rage zaɓi. Wanda aka yanke wa a idon sawu, ko dab da shi, ba shi da sararin dogon tafin kabon, sai gajere.

Ƙarafa da abin riƙewa

Mahaɗai iri uku ne: alminiyam, da ƙarfe marar tsatsa, da taitaniyam. Taitaniyam ya fi su duka a ruwa, ya kuma fi su tsada. Marar tsatsa yana da nauyi amma yana yi. Alminiyam yana da sauƙi, sai dai in ya haɗu da sukurun ƙarfe ko kabon a cikin ruwa mai gishiri-gishiri, shi ne ke cinyewa. Alamarsa farin gari a bakin sukuru. Daga nan sukurun ya cije, ranar da ake son gyara saiti sai an yi da injin huji, wani lokaci a rasa mahaɗin gaba ɗaya. Sukurorin saiti ana shafa musu gam ɗin da ke hana su kwancewa, a ɗaure su da sifana mai ma'auni. A yawancin mahaɗan Ottobock ƙarfin ɗaurin da sifanar za ta nuna Nm 15 ne. Ba aikin bakanike ko mai walda ba ne, komai gwanintarsa.

Bututun yana cika da ruwa in aka nitsa shi, saboda haka ƙafar ruwa tana buƙatar hanyar tsiyaya a ƙasa. Sosan kwalliya da ake lulluɓe bututu da shi don ya yi siffar ƙwauri kuwa, shi ne abu na farko da za a haƙura da shi. Yana shan ruwa, ya ƙara nauyi, ya yi wari, ya riƙe danshi a jikin ƙarfe kwana da kwanaki. Mutane da yawa, musamman mata, ba sa son a ga bututu tsirara, kuma suna da gaskiyarsu. Ga su akwai murfin roba mai tauri da ake cirewa a mayar. In kwanson ƙafar rufaffe ne mai iska a ciki, zai riƙa tasowa sama a ruwa mai zurfi yana ɗaga mai shi, don haka ake huda shi sama da ƙasa.

Maɗaurin fata yana taurara ya tsattsage bayan jiƙa da bushewa. Na nailan ya fi. Makullin da ke kama tsinken safar silikon, wadda ake sa wa dungu kafin ya shiga soket, yana da sifirin a ciki, kuma yashi yana iya toshe shi har ƙafar ta ƙi fita, ko ta ƙi kamawa. Hannun riga na roba da ake jawowa daga soket zuwa cinya yana hana ruwa shiga ta sama, amma yana ƙara zafi, kuma ƙaramar huda ta isa ta kashe aikinsa. Ga mai yanki sama da gwiwa, gwiwar ce matsala kafin tafin: ko a sami wadda aka yi don ruwa, ko mai makulli da za a kulle a miƙe kafin a shiga.

Abin da ya fi ƙarfe saurin lalacewa shi ne fatar dungu. Jiƙaƙƙiyar safa tana jiƙa fata ta yi fari ta yi laushi, gogayya ta saɓule ta. Ga mai ciwon suga, wanda sau da yawa ba ya jin zafin ciwon, wannan na iya kaiwa ga sabon yanki. Duk mai aikin ruwa ya riƙa tafiya da busasshiyar safa a leda. Ruwan dam da kududdufi kuma yana ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata, lafiyayya ma balle mai rauni.

Wa ke buƙatar me

Ba kowa ke buƙatar ƙafar wanka ba, kuma gara a faɗi haka a fili. Dungu yana buƙatar wanki da sabulu kullum, wanda ba ya yiwuwa yana cikin soket. Ga dattijo da mai ciwon suga, abin da ya fi aminci shi ne kujerar roba mai ƙarfi a banɗaki da ƙarfen dafawa a bango: ya shiga da ƙafarsa, ya zauna, ya cire ta ya ajiye inda ruwa ba ya kaiwa, ya yi wanka, ya tsane jiki, ya mayar. Abin da ba a so shi ne tsalle da ƙafa ɗaya a jiƙaƙƙen daɓe.

Ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa da ɗalibi, tafi mai ƙashin roba ko na kabon mai sassa marasa tsatsa ya ishe su. Mai wankin mota da mahauci suna buƙatar takalmin roba mai tsawo a kan ƙafar, da taitaniyam ko marar tsatsa, ba soso. Manomin fadama da masunci su ne suka cancanci ƙafa biyu: ta gona mai sauƙin sassa, ba gaɓa, ba makulli, da ta fita. Sau da yawa tsohuwar ƙafa takan zama ta gona, in har soket ɗinta bai yi yawa ba. Sabon yanki kuwa kada a yi gaggawar yi masa ta biyu, domin dungu yana ci gaba da tsukewa har shekara guda ko fiye.

Nisa da wurin gyara shi ma yana cikin lissafi. Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne. Tafin da rufinsa ke buƙatar sauyi cikin wata shida zuwa shekara, kuma sai an yo odarsa daga Turai, bai dace da mutumin ƙauyen Mai'aduwa ko Zango ba, ko da wani ya biya masa kuɗin farko. In ƙafar daga rabon kyauta na 'yan kwanaki ta fito, a tambayi masu rabon inda za a kai ta in tafin ya tsage, a kuma rubuta lambar girmansa, da ɓangarensa, dama ko hagu, da girman notinsa.

Bayan kowace shiga laka ko ruwan omo, a ɗauraye ƙafar da ruwa mai tsabta. In mai rufin cirewa ce, a zare shi da abin zarewa na roba da ake bayarwa tare da shi, ba da sukudireba ba, a wanke safar ciki, a kife rufin ya tsane. A shanya a inuwa mai iska, ba a rana tsaka ba, ba kusa da murhu ba, ba cikin rufaffiyar mota ba, domin zafi yana lanƙwasa soket. Kalanzir da fetur da man juye ba sa zuwa kusa da ita. Sau ɗaya a mako a riƙe tafin da hannu a gwada murɗa shi: in ya motsa ko kaɗan, ko aka ji ƙas-ƙas a mahaɗi, ko jan ruwa yana fitowa daga bakin sukuru, a koma kan sanda a kai ta wurin mai haɗawa kafin a ƙara ɗora mata nauyi.